Zanen Bayan Idon Usta Fikri

"Umm Adil! Ke Umm Adil! Leƙo ki ga ɓarnar da shanyarki ta yi mini!"

Ihsan, wadda mutanen lungu ke kira Umm Adil, tana tsaka da soya ƙwai kiran ya hau bene. Ta sauke kaskon, ta fito baranda da cokali a hannu. Can ƙasa, a bakin shagonsa, maƙwabcinta Usta Fikri mai ɗinkin rumfa ya miƙe tsaye, ya ɗaga wani farin ƙyalle sama.

"Wace shanya kuma? Yau kwana uku ban taɓa wanki ba."

"To wannan tabon daga ina ya faɗo? Ga shi nan a tsakiya, kamar an ɗiga mai."

Ta sunkuya ta duba da kyau. Ƙyallen fari ne tas, ko ƙuda bai sauka a kansa ba.

"Usta, babu komai a jiki."

"Allah ya ba ki lafiyar ido, Hajja. Tsufa ya zo."

"Ya zo wa wanda ya girme ni da shekara tara."

Ya juya ƙyallen, tabon bai juya ba. Ya ajiye shi ya dubi bangon gidan da ke fuskantarsa, tabon yana jikin bangon. Sai ya ɗaga kai ya dubi Ihsan, ya daɗe yana karkata wuya hagu da dama, sannan ya ce a hankali, "Yanzu kuma yana kan fuskarki."

Daga nan bai sake cewa uffan ba. Wannan shirun ne ya tsorata ta, don duk lungun nan na unguwar Darbul Ahmar babu wanda ya taɓa ganin Usta Fikri ya bar wa wani maganar ƙarshe.

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar matarsa Karima. 'Yarsu ɗaya tilo, Afaf, tana aure a garin Bur Sa'id, sai waya ranar Juma'a. Tun daga sadakar arba'in ɗin Karima kwandon Ihsan yake sauka daga baranda da igiya sau biyu a rana, ya tsaya daidai kafaɗar tsohon, ya ɗauki kwanonsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Ita ma gwauruwa ce, ɗanta Adil yana aiki a ƙasar waje, girkin mutum ɗaya kuma ba ya mata daɗi. Da farko matan lungu sun ɗan taɓa gulma, daga baya suka gaji suka koma kan wasu.

Ta san yana da ciwon sukari tun Karima tana raye, saboda haka ta ɗaura yaƙi da sukari, yaƙin da babu sulhu. Ta ja wa mai shayin lungu kunne. Ta taɓa bin mai tallar basbusa, wata waina mai zaƙi, da tsintsiya don kawai ya tsaya gaisawa a bakin shagon. Amma tausayi ba ya barin mace irin Ihsan ta zauna lafiya. Mutumin da aka raba da zaƙi, da me zai ji daɗin duniya? Sai ta rama masa da man shanu. Sau biyu a shekara ƙanwarta take aiko mata da tulu guda daga ƙauyensu a Suhaj, mai rawaya mai ƙamshi, wanda ba ta yarda a haɗa shi da na gwangwani ko a baki. Da safe dafaffen waken ful yana iyo a ciki, ga ƙwai uku. Ranar Juma'a gurasar fitir mai hawa-hawa, kana ɗagawa tana tsiyaya. Ranar Alhamis fatta, wato shinkafa da gurasa a romo, da ƙafar saniya. A ƙauyensu mai jego da mai karaya da mai ciwon ido duk man shanu ake ɗura musu, kuma ita ba ta taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba.

Kwana biyar bayan maganar tabon, ta saka baƙar rigarta ta fita, ta tasa shi gaba zuwa asibitin ido. Ya ce zai je shi kaɗai. Ta ce ta san shi, zai dawo ya ce likita ta ce lafiyarsa ƙalau har ta nemi ya ƙara aure.

An ɗiga masa magani, aka bar su a benci har ƙwayar idonsa ta buɗe ta yi baƙi wuluk. Sannan wata likita siririya mai suna Dakta Mirfat ta sa ya ɗora haɓarsa a kan na'ura. Haske ya walƙa sau biyu. Ta juyo musu da allon.

Ihsan ba ta san abin da take zaton gani ba, amma ba wannan ba. Wani da'ira ne babba, ruwan lemo, yana haske kamar an kunna fitila a bayansa. A gefe guda akwai wani ɗan fari zagayayye, daga cikinsa jajayen rassa suka fito suka bazu, kowane reshe ya haifi ƙanana, ƙananan suka haifi waɗanda suka fi gashi sirantaka. Kusa da tsakiya kuma, wasu ɗige-ɗige rawaya sun taru sun yi zobe.

"Baba, wannan bayan idonka ne na dama," in ji likitar. "Jajayen nan jijiyoyin jini ne. Sukari ya daɗe yana cin bangonsu har sun fara yoyo, kuma duk abin da ke yawo cikin jini shi zai tsiyayo. Ruwan ya tafi, kitsen ya zauna. Ka ga rawayan nan? Kitse ne. Gwajinka ya nuna kitsen jininka ya hau sosai, kuma masu irin wannan su muka fi ganin ɗigon ya yi musu yawa. Matsalar ita ce sun taru a daidai wurin da kake ganin kafar allura da shi. Me kake ci?"

Ihsan ta gyara zama, don an zo fagenta. "Ko ƙwayar sukari ba ta shiga bakinsa, Dakta. Ni nake masa girki."

"Madalla, Hajja. Da me kike girkin?"

"Da man shanu mana, na ƙauye, ba irin na kantin nan ba. Har ƙarawa nake yi, saboda idon..."

Ta sake duban allon. Rawayan nan ta san shi. Shi take kwalfowa da cokali kowace safiya.

Likitar ta lura, ta sassauta murya. "Ba abu ɗaya ba ne yake kawo shi, Hajja. Akwai sukarin kansa, akwai hawan jini, akwai shekaru, wani ma jikinsa ne ke ƙera kitsen. Baba, ba a taɓa rubuta maka ƙwayar rage kitse ba?"

Usta Fikri bai ji ta ba. Ya tashi daga kujera ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya karkata kai yana kallo da gefen ido, inda tabon bai kai ba. Bakinsa yana motsi.

"Subhanallah," ya ce. "'Yata, wannan a cikin kaina yake?"

"A cikin kanka, Baba. Kowa yana da irinsa."

"Shekara sittin ina zana taurari da furanni ina ji da kaina. Ashe Mai Zane ya yi nasa a bayan idona, ina kallon duniya da shi, ban taɓa ganinsa ba." Ya bi wani reshe da yatsa ba tare da ya taɓa ba. "Dubi yadda ya raba nan. Babu biyu da suka yi daidai, kuma babu wanda ya fita daga tsari. Wa ya isa?"

Ta yi masa bayanin allurar da za a riƙa yi masa a ido, da ƙwayoyi, da abin da zai daina ci. Ta ce na hagu ya yi nisa, na dama ana iya riƙe shi, da yardar Allah, amma ba ta yi alkawari ba. Duk ya amsa da to. Abu ɗaya ya roƙa, a buga masa hoton a takarda, babba.

Da suka isa gida Ihsan ta hau bene, ta ɗauki tulun man shanun ta tura shi can ƙarƙashin gado, ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar mijinta. Ita ta makantar da shi. Da hannunta, da cokalinta, sau biyu a rana.

Kowa a lungun ya san burin Usta Fikri, don ya ishe su da shi. Rumfunan ta'aziyya na yanzu duk yadin inji ne, bugaggen zane, kuma shi ya rantse ba za a karanta masa Alƙur'ani a gaban aikin inji ba. Aƙalla bangon da ke bayan kujerar mai karatu sai ya zama ɗinkin hannunsa. Ya sayi yadin shimfiɗa mai kauri, tsawonsa ya fi mutum biyu, ya naɗe ya ajiye shekara biyar, wai bai sami zanen da ya dace ba. Washegarin zuwansu asibiti ya warware shi a tsakar shago.

"Umm Adil! Sauko, na ba ki aiki. Daga yau ke ce idona."

Ta sauko. Abin da take so ke nan, ko da bai kira ba. Ta ƙudurta a ranta cewa ganin da ya rage masa, ko na wata nawa ne, sai ya ishe shi gama wannan ɗinkin, in ba haka ba ba ta san da wace fuska za ta tsaya gaban Allah ba.

Suka shimfiɗa takarda mai faɗi. Ita tana riƙe da hoton tana faɗa, shi yana zanawa da alli mai kauri. "Wannan reshen ya yi sama, sai ya rabu biyu." "Biyu daidai, ko ɗaya ya fi ƙiba?" "Na hagu ya fi." "To ki faɗa mana, ana biyanki don ki yi shiru ne?" "Wa yake biyana?" Bayan zane ya ɗauki allura ya bi layin yana hudawa, rami kusa da rami, sannan suka ɗora takardar a kan yadin ya bi ta da ƙunshin garin gawayi yana bubbugawa. Da suka ɗaga, ga rassan sun fito a jikin yadin, ɗigo-ɗigo.

A rana ta huɗu suka zo kan zoben tsakiya.

"Ƙirga mini rawayan."

Ihsan ta ƙirga a zuci. Sittin da uku. Ta sake ƙirgawa, ba su ragu ba.

"Ashirin," ta ce.

"Nawa?"

"Ashirin. Kuma ni da za ka ji shawarata, da ka bar su. Ciwo ne, ba ado ba. Wa yake ɗinka ciwonsa ya rataye wa mutane?"

Ya ajiye allin. "Shekara goma sha biyu ina jin muryarki daga sama, Hajja. In kin yi ƙarya ƙasa take yi, kamar mai ciwon haƙori. Nawa ne?"

"Sittin da uku." Sai hawaye ya ƙwace mata. "Kuma duk nawa ne, Usta. Kowane ɗaya daga tuluna ya fito. Na hana ka sukari ina ta alfahari, ashe ina cika maka ido da mai. Ka yafe mini. Wallahi ban sani ba."

Ya miƙa hannu bayan matashin da yake jingina, ya laluba, ya jawo wani tsohon gwangwanin shayi ya tura mata. "Buɗe."

Ta buɗe. Ƙwayoyin magani ne cike, a cikin ledarsu, ko ɗaya ba a ɓalle ba.

"Na kitse ne. Shekara uku ke nan wani likita ya rubuta mini, Afaf tana aikowa duk wata. Na ce abin da ba ya ciwo me zan sha masa magani? Sukari in ya hau ina ji, ƙishirwa ta dame ni. Shi wannan shiru yake aikinsa, ni kuma na raina shi. To in rabon laifi za a yi, ki tsaya a bayana, layin da tsawo."

"Amma ni na dafa."

"Ni kuma na lashe kwano. Kin taɓa ganin ya dawo da saura?" Ya gyara zama. "Ki ji, Umm Adil. Bayan Karima ta tafi, na yi niyyar rufe shagon nan in kwanta in jira nawa. Kullum sai kwandonki ya sauko ya bugi kafaɗata, in ce to bari in ci wannan tukuna. Da haka na kai yau. Ba na ce man bai yi ɓarna ba, ya yi, na gani da idona, kuma wannan ne karo na farko da maganar ta zama gaskiya har haka. Amma ba za ki rage mini ko ɗaya ba. Abin da aka nuna mini shi zan ɗinka. Yanko rawaya, sittin da uku, kowane kamar girman ƙwayar waken lubiya."

Ta yanka tana share hanci da gefen mayafi. Ya ce in ta ɗiga masa majina a yadi sai ta biya.

Kwandon bai daina sauka ba, sai dai kayan ciki sun canja. Kifi gasasshe, ganye dafaffe, miyar waken adas da ko ƙyallin mai babu. "Wannan miyar wanke ta kika yi kafin ki aiko?" yakan ɗaga murya ya tambaya. Ita kuma ta ce, "Sha ƙwayarka ina gani, ɗaga ta sama." A gefen kwanon akwai ɗan matashi da ta soke wa allurai talatin, kowace da zarenta, ta jera su launi-launi, ja a dama, ruwan lemo a tsakiya, rawaya a hagu. Bayan sallar asuba take zura su a bakin taga, da tabarau biyu a hancinta.

Wata biyu aiki yana tafiya. Aka yi masa allurar ido sau biyu, ya dawo yana cewa yau ya san abin da yadi yake ji. Da'irar ta cika, manyan rassa suka kwanta. Ihsan har ta fara sakin jiki.

Sai wata safiya a wata na uku ta sauko ta same shi zaune hannu biyu a kan gwiwa, ba ya ɗinki.

"Wani jan hayaƙi ya taso mini a ido tun da na idar da salla," ya ce. "Yanzu ya rufe. Ina ganin inda ƙofa take, saboda haske. Ke kuma inuwa ce mai ƙiba."

Jijiya ce ta fashe a cikin idonsa na dama. Dakta Mirfat ta ce sai an jira jinin ya kwanta, in bai kwanta ba a yi aiki, bayan Babbar Salla. Afaf ta zo daga Bur Sa'id da akwati, ta ce ya tashi su tafi. Ya ce ko da motar 'yan sanda ta zo ba zai bar yadin nan ba. Suka yi kwana biyu suna faɗa, ta koma tana kuka, ta bar wa Ihsan amana da lambobin waya uku.

Ihsan ta tsaya ta dubi abin da ya rage. Ƙananan rassa fiye da rabi, da rawayan duka. "Shi ke nan, Usta. Ko a kira wani daga kasuwa ya ƙarasa?"

"A kira wa? Waɗannan masu ɗinka wa baƙi jakar waya?" Ya miƙa hannu. "Ki bi mini layin gawayin da zare mai kauri, ɗinkin tsalle, yadda yatsa zai ji. Jan ƙyalle ki zuba a kwanon sha, rawaya a faranti. Sauran ba ruwanki."

Abin da ya biyo baya, mutanen lungun har yau in suna ba da labarinsa sai sun rage murya. Tsohon ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, fuskarsa a sama kamar mai sauraron kira daga nesa, yadin a kan cinyarsa. Yatsan hagu ya bi zaren ya sami layi. Ya ɗora jan ƙyalle siriri, bakin allura ya lanƙwasa gefen ya tura ƙasa, babban yatsa ya danne, allura ta shiga ta fita. Ko ɗinkin ba a gani. In reshe ya zo rabuwa, sai almakashi ya tsaga shi daidai inda ya kamata, ba tare da ya tambayi kowa ba. Mai tallar burodi yakan tsayar da kekensa da faranti a ka ya manta da kansa. Mai shayi ya daina buga kofuna in zai wuce. Ihsan kuwa tana zaune a kan 'yar kujera a bakin ƙofa, tana ta salati a ɓoye. Ta yi shekaru tana ganin mutumin nan yana ɗinki, ba ta taɓa sanin cewa ba da ido yake yi ba.

"Kina nan?" yakan tambaya.

"Ina nan."

"To ki yi numfashi mana. Shirunki yana ɓata mini lissafi."

Ya rame. Hawa ɗan tudun masallaci ya fara gagararsa, sai ya tsaya ya dafe ƙirji, in ta tambaya ya ce miyarta ce ba ta riƙe mutum. Ta kira Afaf, aka sa ranar ganin likitan zuciya, Laraba mai zuwa. Ya ce to. A lokacin ya kai kan rawayan, yana ɗinka biyar ko shida a rana, kowane sai ya naɗe gefensa zagaye. Kowace yamma Ihsan takan leƙa farantin ta ƙirga. Goma sha tara. Goma sha uku. Bakwai.

Ranar Talata da hantsi ta ɗaura kwando ta sake igiya. Hannunta ya san aikin, ya san lokacin da nauyi yake raguwa idan an ɗauke kwano. Ta jira. Igiyar tana nan da nauyinta. Ta ɗan jijjiga, don kwandon ya taɓa kafaɗarsa.

"Usta! Kifin zai huce."

Ta ɗaure igiyar a jikin ƙarfen baranda ta sauko, ba ta ko nemi takalmi ba. Yana zaune yadda ya saba, bayansa a jikin matashi, kansa ya ɗan sunkuya, yadin a kan cinyarsa, tafin hannunsa na dama a shimfiɗe a tsakiyar zoben. Ta kira shi sau uku. Sannan ta yi salati da ƙarfi, lungun ya taru. Kafin maza su ɗauke shi, idonta ya faɗa kan farantin. Babu ko ɗaya a ciki.

Aka yi masa salla bayan la'asar aka kai shi kusa da Karima. Likitan da ya duba shi ya ce zuciya ce.

Washegari Mu'allim Subhi mai kafa rumfa ya zo da itatuwansa da kujeru, suka toshe lungun daga bakin shago har kwana. Suka zagaye da yadin inji kamar kullum. Da aka zo bangon ƙarshe, wanda ke ƙarƙashin barandar Ihsan, mutum huɗu suka ɗaga aikin Usta Fikri suka sake shi daga sama. Ihsan tana ciki tare da Afaf da matan da suka zo ta'aziyya, don mata a bene suke zama. Abin da ta ji kawai shi ne hayaniyar ma'aikatan ta ɗauke gaba ɗaya, har guduma ta yi shiru.

Tsofaffin masu ɗinki suka zo daga kasuwa cikin rigunansu na Juma'a. Ta labe a bakin taga tana jin su.

"Wannan wane zane ne? Ba na kakanninmu ba ne."

"Idonsa ne. Abin da likita ta nuna masa."

"Kai, ji tsoron Allah. Haka cikin ido yake?"

"Haka naka ma yake, in ka je a duba."

Sai wata tsohuwar murya ta ce, "An ce rabinsa a makance ya yi. Wane rabin?" Babu wanda ya iya nunawa. Wani ya ce a kawo almakashi a gyara bakin zare, Mu'allim Subhi ya ce duk wanda ya taɓa yadin nan sai ya karya masa hannu.

Bayan magariba aka kunna fitilun rumfa, mai karatu ya hau kujerarsa ya fara. Ihsan ta raba wa mata gahawa marar sukari, ta rungumi Afaf, sannan ta zame ta fita baranda ta jawo ƙofa.

Daga nan ba a ganin fuskar ɗinkin. Maza ne suke da fuskar. Ita bayansa ne ya fuskance ta, kusa, har in ta miƙa hannu ta tsakanin ƙarafa za ta kusa taɓawa. Hasken ciki ya ratso yadin, da'irar ta yi ja-ja a hankali, rassan suka fito duhu-duhu, zoben tsakiya yana ɗan ƙyalli. A wannan gefen kuwa kowane sukan allura a bayyane yake, ƙanana, a jere, dubbai. Ita kaɗai a duniya ta san reshen da yake kai ranar da jan hayaƙin ya taso. Ta saka tabaranta biyu, ta durƙusa, ta sami reshen, ta bi shi da ido daga tushe har ƙarshe tana neman inda ganinsa ya tsaya hannunsa ya ci gaba shi kaɗai. Ta bi sau uku. Ba ta samu ba.

Sai ta ƙirga rawayan daga baya, leɓenta yana motsi. A kan na sittin da uku zaren bai yanke ba. Ya soko allurar ta fito ta wannan gefen, ya ƙulla, bai kai ga almakashi ba. Tana nan a rataye da ɗan guntun zare rawaya, inda babu mai ganinta sai wanda ke barandar, tana juyawa a hankali duk lokacin da iska ta taɓa yadin.